Layi Uku a Kan Azurfa

A Braga, ran Talata, ana yayyafi,
Ermelinda ta shigo shagona, lemarta na ɗiga.
Ta kwance ƙullin hankici da haƙori,
sule guda ya faɗo kan tebur,
ya yi ƴar rawarsa, ya kwanta.

Na gane shi tun ban ɗauki madubi ba.
Azurfa ce, bugun shekarar da aka datse kogi:
fuska ɗaya madatsa, ƙirjinta a waje,
ɗayar zangarniyar alkama, rubutu ya zagaye ta,
wai haske ga kowane gida.
Kaɗan aka ƙera.
Masu tara irinsa har daga Lisbon suke nemana.

Na ce, Uwargida, wannan bai san aljihu ba,
ko ƙwarzane babu.
Ta ce, ina zai samu?
A akwatin karammiski aka raba wa magidanta
ranar da motoci suka zo kwasarmu.
Firmino ya karɓa da hagu,
damarsa na riƙe da ƙyauren gidanmu
da ya ɓalle da asuba.

Ta amshi madubin, ta sunkuya.
Ka ga layukan nan uku
da maƙeri ya ja, wai su ne ruwa?
Ƙarƙashin na farko tanderun gari yake.
Nan ɓauren da muke ɗaure jaki.
Nan Gracinda, watanta bakwai.
An tone manya an tafi da su,
ita aka ce ba abin da za a tarar.

Na duba iya dubawata.
Layi uku ne, sumul.

Na faɗi farashi, kunya ta sa na ƙara.
Ba ta taya ba.
Kuɗin lantarki ne ya taru mata, wata huɗu,
sun ce Jumma'a za su yanke.
Ta ƙirga takardun sau biyu, ta soke a safa,
ta manta hankicin.

Bana an yi fari.
An ce bangaye sun leƙo daga laka,
ƴan yawon buɗe ido na ɗaukar hoto.
Jiya na Lisbon ya sake bugowa,
ko ya samu?
Ina kallon aljihun tebur
na ce masa tukuna.