Littafin Bayan Raga

Ni ba na buga ƙwallo, gwiwa ta hana ni tun ina yaro.
Nawa aikin biro ne da tsohon littafin awon ɗinki.
Kan dutsen bayan raga nake zama
in rubuta abin da kowa ya kashe
da abin da ya kai gida.

Alhaji Kalla, shugaban ƴan Birni:
jika ɗari takwas a hutu guda.
Mai tsaron gida daga Mirriya,
ƴan gaba biyu daga Matamai, da kuɗin motarsu,
takalma sababbi har da kwali,
riguna masu sunan shagonsa a gadon baya,
tsire bayan kowane wasa, ko an ci ko an sha kashi.
Shekara shida ina ƙirga.
Sau shida sun haye rukuni suna busa ƙaho,
sau biyar suka zube a bakin ƙofa.
Kofi ɗaya.
Yana nan bisa firjin shago, cike da makullai da mataccen batir.

Mato mai faci, shugaban ƴan Garin Malam:
jika saba'in da biyar,
har da kuɗin ƙanƙara da zaren ɗinke ƙwallo.
Yaransa ƴan garuwa ne.
Wanda ya tura kura tun asuba a garin nan namu mai ƙishi
minti casa'in ba ya kai masa cinya.
Mato ba ya sayen ɗan wasa, tsintarsa yake.
Ya ga Tanimun na bin akuya tsakanin duwatsu,
ya ce masa, gobe da la'asar ka zo fili.
Kofi biyu.

Na yi rabawa a daren Laraba, fitila na lumshi:
ƙwallon Alhaji guda ta tashi jika arba'in,
ta Mato jika biyar.
Na karanta a fada, shayi na kan wuta.

Harisu ya ce, malam tela, rufe littafin nan.
Wasan ƙarshe ba ya jin lissafi.
Shekarar da Mato ya fara ci, hadari ne ya taso,
iska ta ɗauki ƙwallo ta kai masa raga.
Ta biyu, bugun daga kai sai mai tsaron gida ne,
ɗan Mirriya ya faɗi dama, ita ta bi hagu.
A wane layi ka rubuta iska?

Ban amsa ba. Na juya shafi.

Akwai kuma abin da ban karanta musu ba:
bana Tanimun rigar Birni ya sa.
Alhaji ya biya, uwar yaron ta rufe ɗaki da kwano.
Na je wajen Mato in taya shi fushi,
na tarar yana nutsa tayar babur a ruwa, yana neman huda.
Ya ce, ka san ɗakin yana yoyo?
Ya ce, akwai wani yaro a Kara-Kara, bahago ne.

Gobe Birni da Garin Malam, ƙarfe huɗu.
Na ja layi biyu, na bar su fari.
Da zan tafi Mato ya kira ni:
famfon da nake hura musu ƙwallo fa,
ka sa shi a lissafi?
Nawa ne, ban taɓa karɓar ko dala ba.