Cizakin Bayan Ɗaki

Daga gindin wani suri na tono shi,
can bayan dutsen Kufena,
washegarin ruwan shuka.
Tsawonsa bai wuce taƙi biyu ba,
sai ƙaya tsaye kamar ƙahon ɗan akuya.
Na naɗe saiwar a tsohon buhun taki,
na ɗaure bayan keke har Hanwa.

Barau ya leƙo ta katanga:
"Jama'a na dasa mangwaro da gwaiba,
kai ka je daji ka ɗauko rigima!"
Shi tsakar gidansa siminti ne sumul,
ko tururuwa sai ta nemi izini.

Shekara biyu bai ce da ni uffan ba.
Ruwan alwala na ba shi,
da na wankin shinkafa in Ladidi ta tuna.
Akuyarta ta gwada shi sau ɗaya,
ta koma tana atishawa.

Amma da bazara ta toye ciyawa,
Kubanni ta rame ta koma zare,
shi ganyensa sai sheƙi
kamar an shafe shi da man gyaɗa.

A ta uku, wata asuba,
ƙamshi ya riga ladan tashe ni.
Fure fari, bayansa ja-ja.
Kafin hantsi ƙudan zuma sun kafa kasuwa,
malam-buɗe-littafi na bi shafi-shafi.
Baiwar Allah ta saƙa ɗaki tsakiyar ƙaya,
kyanwar Barau ta wuni tana lissafi,
ta tashi ba riba.

Bushiya ce ta zo daga baya,
ba sallama, ba kuɗin haya.
Da dare nakan ji ta cikin busasshen ganye
tana cin ƙwarin da ke cinye min alayyafo.

'Ya'yan kuwa, in sun nuna sun yi baƙi,
ban fi cin bakwai ba bana.
Masu fiffike sun fi ni sammako.
Ban kai ƙara ba.
Kafin a yanka filayen nan
a kafa mana turaku,
ai gidansu ne.

Jiya Barau ya kira ni a hankali.
A tsagar simintinsa, gindin rariya,
inda tsuntsaye ke sauke nauyi,
ga ganye huɗu da ƙaya guda.
Na ce in kawo fartanya?
Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Bar shi tukuna,"
ya karkata butarsa.