Lubaba Ta Zo Neman Teku

'Yar ƙanwata ta sauka daga Ikko,
jakarta ɗaya, tambayarta ɗari.
Tun a Kwangila ta ja mini riga:
"Kawu, ina bakin tekunku?"
Na ce, yarinya, ci tuwo tukuna,
gobe ma rana ce.

Da hantsi muka shiga ta Ƙofar Doka,
muka bi lungu har Ƙofar Gayan.
Na nuna mata abin da ya saura na ganuwa:
jar ƙasa ta tsufa ta sunkuya,
akuya biyu a doronta suna tuƙa,
wani ya yagi gefenta ya yi tubali.
Ta ce, "Wannan ce? Ai tudu ne."
Na ce, ke ma in kin kai shekarunta
kya gode wa mai ce miki tudu,
bai ce kufai ba.

Muka leƙa tsohon masallaci,
na ce ɗaga kai.
Bakan gizo na ƙasa da azara
sun haɗu a sama kamar yatsun mai addu'a,
sanyi na fita daga bango ba fanka.
Ta buɗe baki, ta rufe.
Wannan shirun shi ne kuɗin farko
da Zariya ta karɓa a hannunta.

Azahar ta same mu gun Inna Tabawa,
tukunya na tafasa, ludayi na kai-komo.
Faten tsaki ne, da yakuwa da rama,
gyaɗa ta narke, wake ya fashe,
gauta na leƙe kamar idon ɓarawo.
Lubaba ta hura, ta kurɓa,
fuska ta tattare kamar tsohuwar lalita.
Inna Tabawa ta ce, "Haɗiye, 'yar nan,
ɗacin sallama ce, mai gidan yana ciki."
Ba mu tashi ba sai da aka ƙara kwano,
na biya, aka ba ta gyaran mazarƙwaila.

Kufena ya gwada mini gwiwa.
Ita tana gaba kamar ɗan taure,
ni ina baya ina lissafin shekaruna.
Daga sama gari ya zama faifai,
rimaye tsaye kamar dattawa a bakin jana'iza,
rufin kwano na walƙiya har ƙarshen gani.
Ta ce, "Kawu, wannan ma ya so ya yi teku."

La'asar sakaliya na cika alkawari.
Muka gangara Galma.
Masu ɗiban yashi sun jingine shebur,
Tanimu na wanke babur yana fito,
injin ban-ruwa na tari a lambu,
rake na raɗa da iska.
Na ce, ga namu.
Ba ya ruri, ba shi da gishiri,
kina ganin mai wanki a wancan ƙetare,
amma albasar da kika ci ɗazu
shi ya shayar da ita.
Ta cire takalmi ta shiga har ƙauri,
ta tsaya ƙananan kifi na tsattsagar ƙafarta.
Ba ta ce ya fi nasu ba,
ni ma ban tambaya ba.

Mako biyu da komawarta
Asabe ta bugo waya:
"Yaya, me ka ba yarinyar nan?
Ta hana ni sakat,
mun zaga Agege muna neman gauta."
Muka yi dariya, sai dariyar ta yanke.
Shekara goma sha ɗaya ba ta taka gida ba.
Can ta ce, a hankali,
"Rimin ƙofar gidanmu yana nan?"

An sare shi bara, an ja wayar lantarki.
Na dubi kututturen, yara na zaune a kai.
Na ce, Asabe,
zo ki gani.