Gadin Gidan da Babu Tubali

Ƙarfe biyu saura na dare a Jekadafari.
Fanka ta tsaya, batirin sola yana haki,
ni da kwamfuta da sauro muna zaman jinya
a kan shafin da na gina wa Bappa Jauro,
shugaban manoman shinkafa na Dadin Kowa.

Wata huɗu ke nan da na haƙa harsashinsa.
Na kama hayar fili a cikin wata na'ura
da ban san garin da take kwana ba,
na sayi suna, na dasa manhaja,
na gwada mata riga bakwai kafin ɗaya ta zauna.
Hoton buhu, farashin kwano, lambar waya,
da kwalekwale a bakin dam, don Bappa ya ce
in babu ruwa a hoton, wa zai yarda tamu ce?

Ran da na damƙa masa makulli na ja kunne:
Bappa, kalmar sirri ba sunan ɗa ba ce.
Ya ce to.
Ya sa sunan autarsa Dija,
ya bi ta da ɗaya, biyu, uku,
ya rubuta da gawayi a bangon sito
don kada mantuwa ta yi masa sata.

Yau ga shi. Na buɗe shafi, babu buhu ko ɗaya,
sai tallar caca tana ƙyafta ido
da wani harshe da ko gaisuwarsa ban iya ba.
Har na shirya faɗan da zan yi da safe,
na jera kalmomi, na wasa su, na ajiye.

Sai na buɗe littafin shige da fice.
Layi bayan layi, kamar sawun kaji a rairayi.
Wani abu marar barci ya ƙwanƙwasa ƙofar Bappa
sau dubu uku, bai yi sallama ba,
amma ba ta nan ya shiga ba.
Ta taga ya bi.
Wata 'yar manhajar jera hotuna
da ni na liƙa da hannuna,
wadda sau biyar tana roƙo in sabunta ta,
sau biyar ina cewa bari in sayi data.

Laifi tudu ne.
Na sauko daga kan nawa a hankali,
na haɗiye faɗan, bai yi daɗi ba.

Abin da ya cece ni ɗan filashi ne
da ke rataye tare da makullin babur,
kwafin ranar Juma'a yana barci a cikinsa.
Na share gidan har ƙasa,
na kwashe baƙin da suka naɗa kansu masu gida,
na mayar da buhu wurin buhu,
na toshe tagar, na ƙara sakata:
yanzu ko da makulli ka zo,
sai waya ta shaida kai ne.

Kwana uku sun tafi, ba su dawo ba.
A cikinsu akwai wata hajiya daga Potiskum
mai son buhu ashirin.
Sunanta kawai na tuna, lambar ta bi ruwa.

Ladan ya yi gyaran murya, waya ta yi ƙara.
Bappa ne: an ce gidanmu ya ƙone?
Na ce bai ƙone ba, ni na bar taga a buɗe.
Ya yi shiru, ina jin injin casa a bayansa.
Can ya ce: to Dija fa, a bar ta?

Na ce a bar ta a gida, Bappa, ta tafi makaranta.
Samo tsumma da ruwa.
Zan riƙe waya har ka goge bangon.