Fure na Ashirin da Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ina sauka cikin ƙasa
a mahaƙar kwal ta Bytom,
ina fitowa baƙi ƙirin in ban da haƙora.
Yatsuna sun san diga, sun san sanyin ƙarfe.
Ba su san zare ba.

Zare na Ludwika ne.
Da Nuwamba ta kama sai ta ja kujera gindin taga,
tabarau a karan hanci,
kwarashi na sara a hannunta kamar bakin kaza a kan tsaba.
Furannin ƙanƙara take saƙawa, farare tas,
tafin jariri ma ya fi su faɗi,
ashirin da huɗu duk shekara:
na bishiyar Kirsimeti, na maƙwabta, har da mai kawo wasiƙa.
Ni kuwa ina gefe ina mita,
"Ga ta can tana zuba kyauta a waje,
ke kina nan kina kashe idonki."
Sai ta ce, "Alojzy, tawa ba ta narkewa."

Bara asibiti ya karɓe ta, bai dawo da ita ba.
Bana ina neman maɓallin riga
na buɗe gwangwanin biskit ɗinta.
Ashirin da uku, a jere.
Na ƙarshen hannu biyu gare shi cikin shida,
kwarashin na maƙale inda ta tsaya,
kamar wadda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa
ta ce, ina zuwa.

Kwana tara ina kewaya gwangwanin
kamar kyanwa da tukunya mai zafi.
Ran na goma na hau bene wurin Genowefa.
Ta dubi zaren, ta dubi hannuna,
ta yi dariya har da tari.
"Da wannan shebur ɗin za ka saƙa?"
Na ce gemu ba ya hana ilimi.
Ta ce, "Gemun bai dame ni ba. Wanke hannu ka zauna."

Zarga, jawo, fitar.
Sarƙa biyar, koma ta uku.
Zaren na suɓucewa, kwarashin na ɓuya tsakanin yatsu,
ina ƙirge da baki kamar ɗan aji ɗaya,
shayi na hucewa a kofi.

Akwai abin da ban gaya wa Genowefa ba.
Wani dare na fizga da fushi,
sai saƙar Ludwika ta soma warwarewa.
Ƙulli uku nata suka tafi.
Zaren ya fito a nannaɗe,
yana riƙe da lanƙwasar da yatsunta suka ba shi.
Ko ranar da rufin rami ya rufta a bayanmu
gabana bai faɗi haka ba.
Na ajiye. Na zauna a kan hannuwana har gari ya waye.

Mako uku ya ci.
Na tsoma shi a ruwan sitacin dankali,
na kafe shi da allurai a kan kwali, bisa murhu.

Jajiberen Kirsimeti, kifi na soyuwa,
an shimfiɗa ciyawa ƙarƙashin mayafin tebur,
an ajiye farantin baƙon da ba a san zuwansa ba.
Jagoda, jikata, an sa ta gadin tauraron farko,
amma idonta na kan bishiya.
"Kaka, wannan gurgu ne.
Hannu biyu masu kyau, huɗu kamar ƙafar ƙaguwa."
Na ce mu biyu muka yi shi.
Ba ta tambayi wa ya yi wanne ba.
Ta dai ciro shi daga bayan reshe inda na ɓoye shi,
ta rataye a gaba, kusa da fitila.

Genowefa ta ce na baɗi ashirin da huɗu suna jirana.
Na ce Allah ya kai mu Nuwamba tukuna.
Zaren dai na riga na saya,
ƙunshi biyu, fari,
yana cikin gwangwani.