Lissafi a Teburin Kicin, Killeen

Shekara goma sha huɗu cikin kaki.
Saura shida. In na daure,
fansho zai fara shigowa
ran da na tuɓe takalmin nan.

In na koma sojan ko-ta-kwana,
kwana biyu kacal a wata,
sai na cika sittin kafin in ga sisi.

Balaraba ta ture kalkuleta.
"Makaranta biyar Mudi ya canza.
A wane layi ka rubuta wannan?"

Gwiwata ta hagu ma da bakinta,
kowace asuba a filin gudu.

Mai haƙuri kan dafa dutse, na sani.
Amma da wa zan sha romon?

Jirgin bariki ya wuce.
Shayi ya huce.
Takarda na nan, ban sa hannu ba.