Babur Mai Ja Hagu

A garejina na Yalwa, nan cikin Garwa,
Wanso ya turo babur ƙarƙashin dalbejiya.
Jiya ya faɗi a gangaren gadar Binuwai
da buhu biyu na albasa a baya.
Inji lafiya lau, birki yana ci.
Wuyan ne ya karkace:
ka ɗan sassauta hannu, sai ya nufi hagu
kamar yana bin wani bashi a can.

Dattawan majami'armu biyu suna kan benci, suna jiran faci.
Malam Hananiya, da ya yi karatun tauhidi a Kayele,
ya nuna da sandarsa:
"Ga ɗan Adam nan.
Tun ranar da kakanmu ya miƙa hannu ya tsinka,
ba a sake haifar miƙaƙƙe ba.
Kana cewa ka zaɓa? Karkatar ce ta zaɓa maka.
Ruwa ma gani yake ganin damarsa ce yake gangarawa."

Baba Barnaba ya gyara goro a kumatu.
"To wa ya kawo shi nan?
Daga gada zuwa Yalwa kwana bakwai ne,
uku daga ciki na dama.
Yaron ya danne har kafaɗa ta yi tsami, amma ya iso.
In ba sauran hannu a kan abin,
me ya sa Ubangiji yake tambayar mutum?
Ba a kai dutse gaban alƙali."

"Ya iso, bai miƙe ba.
Ka taɓa ganin ƙarfe ya gyara kansa?"
"Kai ka taɓa ganin bakanike ya gyara
wanda mai shi ya kulle a ɗaki?"

Ban sa baki ba. Ina da nawa hagun.
Shekara goma sha ɗaya, in na rufe gareji,
mararrabar nan ta bayan kasuwa,
gidan bilbil na Jarmen.
Ba wanda ya sa mini igiya.
Da ƙafata nake shiga, da kuɗina, ina dariya,
kuma abin da ke firgita ni ke nan har yau:
so nake yi.
Lahadi in yi wa Rifkatu alkawari, hawaye na gaske,
kafin Talata na shanye shi a ƙwarya.

Sai wata yamma cikin damina.
Ba mafarki, ba murya.
Na iso mararrabar, warin tsamin ya tarye ni kamar kullum,
hannuna ya danna dama.
Na tarar da Damaris tana lissafi gaban fitila,
ta ɗago ta dube ni irin duban baƙo,
sannan ta matsa mini a tabarma.

Hannuna ne, na san shi, ga tabon salansa.
Amma shi ne dai ya kasa sau dubu.
Me ya shiga cikinsa ran nan?
Hananiya zai ce alheri, tsantsarsa.
Barnaba zai ce, ai da ka ƙi, da ka ƙi.
Na juya maganar shekara shida kamar noti mai tsatsa,
ban iya raba inda aka riƙe ni
da inda na riƙe ba.

Na kwance wuyan, na gasa shi, na bi shi da guduma.
Wanso ya ce, "Zai koma sabo?"
Na ce, a'a.
Zai tafi daidai,
amma ranar da ka yi masa lodi za ka ji yana tuna gadar.
Kada ka saki hannu.
Kuma ka riƙa kawo shi.

Faci ya bushe. Dattawan suka hau babur ɗaya,
Barnaba a gaba,
Hananiya a baya, ya damƙe masa riga,
har suka sha kwana ina jin gardamarsu.